Darasi: Hawa da Saukar 'Ya'yan Kifi

Masunta na bakin Gulbin Zamfara, daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, sun san kifi yana da lokacinsa. Inda aka same shi da hantsi, ba nan za a same shi da almuru ba. To, ɗan kifi ma haka yake, tun yana ɗan ƙyanƙyasa. Kullum yana da tafiya biyu, hawa da sauka. Wannan darasi zai bayyana dalilin tafiyar, da abin da ya shafi abincin gobe.

Daga Gummi zuwa teku

Ruwan da ya wuce Gummi yana gangarawa Jihar Kebbi. Can ya haɗu da Gulbin Sakkwato, ya faɗa Kogin Kwara. Daga nan ya bi ta tafkin Kainji, har ya isa teku. A teku ne masana suka fi bin diddigin wannan tafiya ta 'ya'yan kifi.

Akwai wasu gaɓoɓin teku masu albarkar kifi ƙwarai, kamar na Maroko da Muritaniya da Senegal. Yawancin kifin gwangwani da ake gani a kasuwanninmu na karkara daga Maroko yake zuwa. Me ya kawo wannan albarka?

Idan mutum ya hura ruwa a ƙwarya, na sama yana matsawa gefe, na ƙasa ya taso ya maye gurbinsa. Haka iska take yi a waɗannan wurare. Tana kore ruwan sama daga gaɓa zuwa tsakiyar teku. Sai ruwan ƙasa mai sanyi ya taso. Wannan ruwa yana ɗauke da taki, wato ruɓaɓɓen abin da ya daɗe kwance a ƙasa. Da takin ya sami hasken rana, sai ƙananan tsirrai su yaɗu cikin ruwa. Ƙananan ƙwarin ruwa su ci tsirran, 'ya'yan kifi kuma su ci ƙwarin. A gaɓar Gana, wannan tasowar ruwa ta fi ƙarfi daga watan Yuli zuwa Satumba, kuma lokacin ne kakar masuntansu.

Haɗarin da ke ciki

Ɗan kifin sadin yakan fito daga ƙwai bayan kwana 2 zuwa 4. Tsawonsa bai kai na ƙwayar shinkafa ba. Ba shi da ƙarfin yin gaba da igiyar ruwa. In ya zauna a sama dare da rana, ruwan da iska ke korewa zai tafi da shi tsakiyar teku. Can abinci kaɗan ne, yunwa za ta kashe shi.

Amma ruwan teku hawa-hawa ne. Na sama yana fita, na ƙasa yana dawowa gaɓa. Ɗan kifin da ya sauka ƙasa, sai ruwan ƙasa ya maido shi. Abin da ya ɓata a sama, ya mayar a ƙasa. Ta haka yake zama kusa da inda abinci yake, ba tare da ya yi doguwar iyo ba.

Dalilai uku na hawa da sauka

Ba kowane irin kifi ne ke bin tsari ɗaya ba. Amma da yawa suna sauka da rana, su hau da dare.

1. Tsoro. Da rana ruwan sama yana da haske, manyan kifi da tsuntsaye suna ganin ɗan kifi sarai. Ƙasa akwai duhu, nan ne maɓoya.

2. Abinci. Ƙananan ƙwarin ruwa su ma suna hawa da almuru, su sauka da asuba. Mai neman su dole ya bi sawunsu.

3. Hutu. Wanda ya taɓa gyaran kifi ya san 'yar farar jakar iska da ke cikinsa. Ɗan sadin da ya ɗan tasa yakan hau da dare ya haɗiyi iska, ya cika jakar. Sai ya riƙa yawo a ruwa ba wahala, ƙarfinsa ya tafi wajen girma.

A tafkin Kainji

An gama madatsar Kainji a 1968. A tafkin akwai ƙananan kifi dangin sadin, waɗanda masunta ke kira warangi. Da rana suna ƙasa, da yamma su taso sama. Masanan cibiyar binciken kifi da ke New Bussa sun daɗe suna nazarinsu.

Da aka yawaita jan warangi da babbar taru mai ƙananan idanu, wadda ake kira dala, sai aka ga ɓarna. Tarun ba ta zaɓe. Tana kwaso 'ya'yan karfasa da na giwan ruwa tare da warangi. Saboda haka a ƙarshen shekarun 1990 aka hana amfani da ita a tafkin.

A fadamun Gummi

Fadama ba ta da zurfin teku, amma darasin ɗaya ne. Idan gulbi ya cika da damina, tarwaɗa takan fita cikin ciyawar da ruwa ya shanye, ta zuba ƙwai. Cikin kwana 1 ko 2 sun ƙyanƙyashe. Ɗan tarwaɗa ba ya son haske. Da rana yana laɓe a ƙasa, ƙarƙashin ciyawa. Da dare ya fito kiwo. Ciyawar bakin ruwa ita ce ɗakinsa, ita ce rumbunsa.

Hawa da sauka na tsare ɗan kifi daga tsuntsu da babban kifi. Ba ya tsare shi daga gidan sauro da aka mayar taru. Ba ya tsare shi daga guba, domin guba tana bin ruwa sama da ƙasa. Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta hana kamun kifi da guba ko nakiya.

Abin da ya kamata a yi

1. Gidan sauro na kare iyali ne daga zazzaɓi, kada a kai shi ruwa.
2. A yi amfani da taru mai manyan idanu, don ƙanana su wuce.
3. Kada a wanke tankin feshi a gulbi ko tafki.
4. A bar ciyawar bakin ruwa da damina.
5. Idan Sarkin Ruwa ya rufe tafki, a jira ranar buɗewa.

Manomi komai yunwa ba ya dafa irin shuka. 'Ya'yan kifi su ne irin masunci.

Tambayoyi

1. Me ke sa ruwan ƙasan teku ya taso?
2. Faɗi dalilai biyu da ke sa ɗan kifi sauka da rana.
3. Don me aka hana dala a Kainji?
4. Rubuta sunayen kifi biyar da ake samu a garinku.