Kafin Ka Sa Rigar 'Yan Sa Kai a Gudun Fanfalaki

Da zarar an fara shelar gudun fanfalaki na Legas, wanda ake yi tun 2016, galibi a watan Fabrairu, sai matasan da muke koya wa taimakon gaggawa su fara tambayata ko su ba da sunansu cikin 'yan sa kai. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma rumfar kula da 'yan gudu na cikin wuraren da nake aiki. Abin da nake fara tambayar kowa shi ne: ƙarfe nawa za ka tashi daga aikin?

Tsawon gudun kilomita 42.195 ne, a shekarun baya ana tashi daga babban filin wasa na Surulere, a haye gadar Third Mainland, a ƙare a Eko Atlantic. Zakarun Kenya da Habasha suna gamawa cikin awa biyu da 'yan mintoci, tun rana ba ta yi zafi ba. Su ba su cika ba mu aiki ba. Masu ba mu aiki su ne 'yan baya, ma'aikacin banki ko ɗalibin da bai yi isasshen atisaye ba, wanda zai kwashe awa biyar ko shida a kan kwalta. Lokacin da zai iso, an ɗauki hotuna, manyan baƙi sun watse, 'yan sa kai da yawa sun naɗe rigunansu sun kama hanya. A ganina wanda ba zai iya tsayawa har mutum na ƙarshe ya wuce ba, kada ya karɓi teburin ruwa na bayan kilomita 30, balle wurin kammalawa. Masu shiri sun lissafa da shi, ba za su tura wani ba.

Sai batun sanin aiki. Miƙa ruwa kamar ba ya bukatar ilimi, amma yana bukata. Wanda ya daɗe yana gudu a hankali yana ta kwankwaɗar ruwa a kowane tebur, gishirin jininsa na iya tsinkewa. Binciken da aka yi kan 'yan gudun Boston na 2002 ya samu wannan matsala a jikin kashi 13 cikin ɗari na waɗanda aka gwada. Alamunta ciwon kai ne da amai da ruɗewa, wani lokaci har yatsu su kumbura. Mai tausayi da bai sani ba zai ɗauka ƙishirwa ce, ya ƙara ɗura masa ruwa, ya ƙara jefa shi cikin haɗari.

Ga kuma bugun zafi, wanda ya fi ba ni tsoro. Zafin cikin jiki ya haura digiri 40, mutum ya fara tangaɗi, ko surutai, ko ya zagi wanda ya zo taimakonsa. Kada ka jira gumi ya ɗauke masa, da yawa suna jiƙe sharkaf a lokacin. Ƙa'idarmu a sanyaya shi nan take, a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara idan akwai, sannan a sa shi a mota zuwa asibiti. Ba a neman ɗan sa kai ya yi aikin likita. Ana neman ya gane, ya tsayar da mutumin, ya san wa zai kira.

Shi ya sa nake cewa kai ma ka tambayi masu shirya gasar kafin ka amsa musu. Akwai taron horarwa kafin ranar? Ina motar asibiti mafi kusa da inda za a ajiye ka? An tanadi ƙanƙara? Wa ke da ikon dakatar da gudun idan yanayi ya ɓaci? Wannan ta ƙarshen ba ƙaramar tambaya ba ce. A Doha a 2019, ko da aka mayar da gudun mata na gasar duniya tsakar dare, 28 cikin 68 sun kasa kammalawa saboda zafi. A lardin Gansu na China a 2021, mutum 21 suka rasu a gudun tsaunuka na kilomita 100 bayan sanyi da iska sun rutsa da su. Idan aka amsa maka da "Allah zai kiyaye" kaɗai, to ka ce amin, amma ka haƙura da zuwa.

Ka dubi jikinka ma. Tsayuwar awa shida ce ko fiye, galibi tun kafin asuba. Mai hawan jini da bai daidaita ba, da mai ciwon sikila, da mai juna biyu, su nemi aikin inuwa. A 'yan shekarun nan azumi na faɗowa kusa da Fabrairu, don haka ka duba kalanda kafin ka yi alkawari. Kuma idan ba ka saba da zafin Legas mai ɗanko ba, kada ka auna shi da sanyin hunturun Kano.

Wanda ranar gasar ba ta yi masa ba, akwai aikin kwanakin da suka gabace ta: raba lambobin ƙirji, tantance sunaye, ɗaure jakunkuna, jera katan-katan na ruwa. Nan ne hannu ya fi ƙaranci, domin babu kyamara. Sabon shiga ma nan nake tura shi, ko teburin kilomita 5, inda 'yan gudu ke wucewa a dunƙule da ƙarfinsu, ya ga yadda abin yake kafin baɗi a kai shi gaba.