Yadda Ake Zaɓen 'Ya'yan Tarwaɗa Da Zuba Su A Tankin Gida

Wanda ya ga akwatin gilashi a wani otal na Legas ko Abuja, cike da kifayen teku masu launi kala-kala, yana iya sha'awar ajiye irinsa a gida. A nan garinmu Ibeto wannan sha'awa ce mai tsada. Kifin teku yana son ruwa mai gishiri kusan giram 35 a kowace lita, kuma ba gishirin miya ba, na musamman ne da ake sayowa daga nesa. Injin da ke tace ruwan ba ya hutawa dare da rana, ka kuwa san halin wutarmu. Kifin da ya dace da tsakar gidanmu tarwaɗa ce. Tana haɗiyar iska daga saman ruwa, shi ya sa take jure cunkoso da ɗaukewar wuta, ga kasuwarta daga Kontagora har Yawuri, ɗanya ko banda.

Fara da mazubi tun kifi bai zo ba. Tankin roba mai lita 1,000 ko na tamfol ya isa mai koyo. Idan na siminti ka gina, kada ka kuskura ka zuba kifi a cikinsa sabo fil, domin siminti yana sakin sinadarin da ke ƙona fatar kifi. Cika shi da ruwa, bar shi kwana uku ko huɗu, zubar, wanke, sake cikawa, haka har mako biyu. A ajiye tankin a inuwa, da bututun zubar da ruwa a ƙasa. Ruwan rijiya da na burtsatse sun yi, amma a bar shi ya kwana ya sha iska. Na famfo sai ya yi kwana biyu a buɗe, maganin da ke cikinsa ya fita.

Sai zaɓen iri. Akwai tarwaɗa, akwai ramboshi wanda ya fi ta girma amma yana son lokaci, akwai kuma barbaren da ake samu daga haɗa su biyun. Karfasa kuwa, ko da yake tana da daɗin nama, ban ba mai tanki ɗaya shawararta ba: haihuwa take yi ba ƙaƙƙautawa har tanki ya cika da ƙanana, kuma ba ta jure ƙarancin iska kamar tarwaɗa. Kada ka ɗebo 'ya'yan kifi daga rafi ko fadama don neman arha. Ba ka san shekarunsu ba, ba ka san cutar da suke ɗauke da ita ba. Je wurin masu ƙyanƙyasa. Mu a Jihar Neja mun yi sa'a, cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa tana New Bussa, kusa da madatsar Kainji, ta samo asali tun 1968, kuma can ne wurin tambaya ga mai neman iri nagari.

A wurin saye ne ake cin riba ko a faɗi, don haka tsaya ka duba da idonka, kada ka aika yaro. Masu tsawon santimita 3 zuwa 5 sun fi arha, sun kuma fi mutuwa. Mai koyo ya ƙara kuɗi ya ɗauki masu santimita 7 zuwa 10, waɗanda suka riga suka saba da abincin buhu. Buga gefen robar da suke ciki: masu lafiya za su watse su nutse nan take. Wanda ya tsaya a tsaye kansa sama yana lilo, ko mai farin tabo a jiki, ko wanda gashin bakinsa ya gutsure, ko mai kumburin ciki, bar wa mai shi kayansa. Mai ƙaton kai da siririn jiki tsohon kifi ne da yunwa ta tsumburar, ko ka ba shi buhu goma ba zai yi auki ba. Tambayi ranar da aka ƙyanƙyashe su; mai gaskiya ba ya in-ina a kan wannan.

Abin da ya fi komai shi ne girmansu ya zo ɗaya. Tarwaɗa tana cin 'yar uwarta. Manya guda biyar cikin ƙanana ɗari sun isa su rage maka lissafi ba tare da ka ga gawa ko ɗaya ba, sai ka riƙa zargin yaran gida ko kyanwar maƙwabta. Mai sayarwa yakan ƙara maka manya biyu-uku a matsayin gyara. Yi godiya, amma ka ware su.

Game da yawa, tankin lita 1,000 kada ya wuce kifi 70 zuwa 100 idan kana son su kai kilo, wannan ma sai kana canza ruwa a kai a kai. Yanzu za ka ga tankin kamar wayam. Bayan wata uku za ka gane.

A hana su abinci kwana guda kafin tafiya, don kada kashinsu ya ɓata ruwan hanya. A ɗauko su cikin jarka da aka yanke samanta, ruwa rabi, da asuba ko bayan la'asar, musamman a bazara. Da isowa kada a juye su kai tsaye. Saka jarkar cikin tanki minti 20 zuwa 30 zafin ruwan biyu ya daidaita, kana ɗibar na tanki kaɗan-kaɗan kana zubawa a ciki, sannan ka karkata bakinta su fita da kansu. Ranar ba abinci. Washegari ka fara da ƙwaya mai milimita 2, kaɗan, safe da yamma, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti 10.

Tarwaɗa ta fi walwala a ruwa mai zafin digiri 26 zuwa 30. Da hunturu takan rage ci, ƙanana kuma sukan mutu da sanyin asuba, don haka mai farawa ya jira sanyi ya wuce. Rufe saman tanki da raga saboda tsuntsaye da tsallen kifin, kuma duk mako biyu a wata biyun farko ka kwaso su da sanyin safiya, ka raba waɗanda suka yi wa sa'o'insu fintinkau zuwa wata roba daban.