DARASI: DAJI A TSAKIYAR BIRNI

Wagadugu shi ne babban birnin Burkina Faso, maƙwabciyar Nijar. A cikin birnin akwai wani ɗan daji. Sunansa Bangr-Weoogo. Da harshen Mosi, ma'anarsa «dajin neman sani». Girmansa ya fi hekta 200. Hekta guda, mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi.

A da, dajin na sarakunan Mosi ne. Jama'a na girmama shi. A shekara ta 1936, zamanin Turawa, aka sa shi cikin dazuzzukan gwamnati. A shekara ta 2001, aka danƙa shi hannun magajin gari.

Mi ke cikin dajin?

Akwai itatuwa iri-iri. Akwai tafkuna, kadoji na kwance bakin ruwa suna shan hantsi. Akwai guza da kunkuru da birai. Akwai balbela da zalɓe da kurciya. Da rana jemagu na rataye bisa rassa. Wasu namun daji, kamar kura, suna cikin keji. Ƴan makaranta na zuwa su gan su da idonsu.

Don mi dajin bai mutu ba?

Birni ya kewaye shi ko'ina. Mata na bukatar itacen wuta. Magina na bukatar fili. Amma an yi masa shinge, an sa masu tsaro. Ba a sara, ba a farauta, ba a sa wuta. Da babu wannan doka, da yanzu gidaje ne a wurin.

Duk da haka dajin na da maƙiya: leda, da shara, da ruwan datti da ke gangarowa daga unguwanni.

A Nijar ma akwai irin wannan aiki. A shekara ta 1965 aka fara dasa dogon yaro kewaye da Yamai, don tare iska da ƙura. Amma gine-gine da sara da shara sun ci wani yanki nasa.

Abin riƙewa: dasa icce farkon aiki ne. Tsaronsa shi ne babban aiki. Inda icce ya tsaya, tsuntsu zai sauka. Inda aka sare shi, sai iska da rairayi.

TAMBAYOYI

1. Mi ake nufi da Bangr-Weoogo?
2. Waɗanne dabbobi ke cikinsa?
3. Waɗanne namun daji tsofaffin garinku suka sani, da yanzu babu su?
4. Wane fili garinku zai iya killacewa? Wa zai tsare shi?