Yadda Ake Hawa Tudu da Jirgin Ruwa

Akwai wani shirin talabijin na Ingila, Great Canal Journeys, da aka fara a 2014. Waɗanda suka fara gabatar da shi tsoho ne da tsohuwarsa, Timothy West da Prunella Scales, suna tafe cikin siririn jirgi a kan haƙaƙƙiyar hanyar ruwa. Gudun da aka yarda a yi a wurin mil 4 ne a awa, mai saurin ƙafa ma sai ya jera da su. Ina kallo ina hamma, sai ga jirgi ya doshi tudu, kuma ya hau. Mu da muka tashi a cikin birni, ruwan da muka sani shi ne na Jakara da na kududdufan da aka haƙa don tubali, kuma iya saninmu ruwa gangara yake bi.

Ga yadda suke yi. A gindin tudun an gina dogon ɗaki marar rufi, da ƙofa ta ƙasa da ta sama. A ƙananan hanyoyin faɗinsa kamar ƙafa 7 ne, tsawonsa wajen 72, shi ya sa jiragen suke sirara. Da an iso, mutum ɗaya zai sauka ya leƙa. In ya tarar ɗakin cike yake, sai an zubar da ruwan har ya yi daidai da wanda jirgin yake kai. Sannan a buɗe ƙofar ƙasa, matuƙi ya shige a hankali, a mai da ita a rufe.

Daga nan aiki ya koma hannun na kan tudu. Yana riƙe da wani lanƙwasasshen ƙarfe mai kama da na kwance tayar mota. Zai kafa shi a jikin wani ƙarfe mai haƙora ya yi ta juyawa, wani ɗan marfi da ke ƙarƙashin ruwa ya ɗaga, ruwan sama ya fara kwararowa cikin ɗakin. A nan ake gane gwani. Wanda ya ɗage marfin gaba ɗaya lokaci guda, ruwa zai shigo da ƙarfi ya fizgi jirgin ya gwara shi da ƙofa. Sai dai kaɗan-kaɗan, idonsa na kan matuƙi. Ruwa na taruwa, jirgi na ɗagowa, har wanda ɗazu ake hango tsakiyar kansa ya zo daidai da ciyawar bakin hanya.

Wannan wurin ne ya tuno mini da damina a unguwarmu. Ruwa na ɗaukewa za mu fito lungu, mu tare kwata da taɓo da guntayen tubali, mu ɗora jirgin da muka harhaɗa da karan dawa da tsinke. Babban cikinmu ne mai ba da umarni: "Kai, kada ka fasa tukuna, bari ya taru!" Wanda ya yi garaje ya huda madatsar, jirgi ya kife, to ya sha ranƙwashi. Iyayenmu mata kuwa suna bakin soro suna ƙwala kira, don kwatar a kududdufi take ƙarewa, kuma kowa ya san kududdufi na cin yara.

Ƙofar sama ba ta buɗuwa da ƙarfin tsiya. Muddin ruwan waje ya ɗara na ciki, ko da taƙi ɗaya ne, nauyinsa na danne da ita. Da ruwan biyu sun yi kai ɗaya, tsohuwa ma sai ta jingina bayanta da dogon gungumen da ke jikin ƙofar, ta dogara ƙafa, ta tura ta buɗe. Jirgi ya fita, a sauke marafan, a rufe ƙofa saboda na baya.

Saukowa haka take, sai dai a juye, kuma ta fi haɗari. Ƙarƙashin ƙofar sama akwai dakali ɓoye a ruwa. In gindin jirgi ya hau kansa ruwa yana janyewa, hanci ne zai nutse. Don haka ake shata farin layi a bakin bangon, matuƙi ya tsaya gaba da shi.

Ba don shaƙatawa aka haƙa hanyoyin nan ba. Ta Bridgewater, da aka buɗe a 1761, gawayin ƙasa take kai wa Manchester, doki na ja daga gefe. A wata hanyar kuma, a tudun Caen Hill, ɗakuna 29 ne, suna hawa ƙafa 237 cikin mil 2, aikin da kan ci rabin wuni. Dabarar nan ce ke ɗaga manyan jirage mita 26 a mashigin Panama tun 1914.

Mu ma muna da haƙaƙƙiyar hanya, wadda ta taso daga dam ɗin Tiga da aka gina zamanin Audu Bako, ta bi ta Kadawa da Kura, da ƙofofinta na ƙarfe. Tamu shinkafa da alkama da tumatir take shayarwa, ba jirgi take ɗauka ba, amma rigimar ɗaya ce. Duk jirgin da ya wuce, ɗaki guda na ruwa ya gangara ke nan, ba zai dawo ba. In fari ya yi tsanani a Ingila sai a taƙaita lokacin wucewa, ko a garƙame ƙofofin har ruwa ya samu. Manomin da gonarsa ke ƙarshen layi a Kura ba sai an yi masa bayanin wannan ba.