Darasin Juma'a: Su Wa Ya Kamata Mu Karrama?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Tun da kwamitin masallaci ya sanar cewa bayan Babbar Sallah za a yi walimar karrama waɗanda suka yi wa jama'a hidima a nan Sabo, maganganu iri biyu ke zuwa mana. Wasu na cewa, aikin da aka yi don Allah, mene ne na kiran sunan mutum a lasifika, so kuke ku ɓata masa lada? Wasu kuma har sun riga sun rubuto sunaye. Mun duba takardar, daga sama har ƙasa waɗanda suka ba da siminti ne da kuɗin sola. Kowane ɓangare yana da tasa hujjar, shi ya sa muka ga ya dace mu koma ga abin da ya tabbata daga magabata kafin a sa hannu a komai.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin wata baƙar mace da ke share masallacin Annabi (SAW) a Madina. Wasu malamai sun ce sunanta Ummu Mihjan. Ta rasu, aka yi mata sutura aka binne ta ba a sanar da Annabi ba, kamar dai an ga al'amarinta bai kai a dame shi ba. Shi da kansa ya lura bai gan ta ba, ya yi cigiyarta. Da aka faɗa masa, sai ya nuna rashin jin daɗinsa da ba a sanar da shi ba, ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla.

Ku lura da wannan cigiyar, 'yan'uwa. Mutumin da wahayi ke sauka gare shi, ga sha'anin yaƙi, ga baƙi daga ƙabilu, amma idonsa na kan mai tsintsiya. To mu fa? Bara muka binne dattijon nan da ke cika butoci da randunan alwala kafin kiran Assalatu. Ranar jana'izarsa muka tsaya muna tambayar juna: wai ɗan wane gari ne? Wa za a kira a arewa a sanar? Laƙabinsa kaɗai muka sani. Bayan kwana uku aka fara ƙorafi a sahu, wai ruwan alwala ya yanke, kwamiti ba ya aiki. Ashe duk shekarun nan ba kwamiti ba ne, shi ne. Mu da muke rubuta wannan darasi muna cikin waɗanda ba su taɓa tsayawa sun ce masa sannu da aiki ba.

Masu tsoron riya, tsoronsu yana da asali. Hadisin Muslim game da mutum uku da za a fara ƙona wuta da su ya isa ya firgita kowa: mayaƙi, da mai ilimi, da mai kyauta, duk sun yi ne don a faɗa, kuma an faɗa. Sai dai riya ciwo ne a zuciyar mai aiki, godiya kuwa bashi ce a wuyan wanda aka yi wa aikin. Abu biyu ne daban. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ya haɗa godiyar mutane da godiyar Allah, har ya nuna wanda ya kasa ta farko ya kasa ta biyu. Kuma a cikin Muslim, Abu Zarr ya ba da labarin an tambayi Annabi game da wanda ya yi aikin alheri mutane suka yaba masa, sai ya ɗauki wannan yabon a matsayin bushara da aka gaggauto wa mumini tun a duniya. Ke nan wanda bai nemi yabo ba, yabon ya same shi, ladansa na nan.

Akwai kuma amfanin da ya wuce shi wanda aka karrama. A watan Yuni na 2018, a ƙauyen Nghar cikin Barikin Ladi ta jihar Filato, Liman Abdullahi Abubakar ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallaci da gidansa lokacin da mahara suka shigo. Bai yi don a sani ba, da ransa ya yi caca. Amma da labarin ya fito, har gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo a 2019, mutane nawa ne a kudancin ƙasar nan suka sake tunani a kan Bahaushe mai rawani? Yaranmu ma abin da suka ga ana tashi tsaye dominsa shi za su yi sha'awar zama. In kullum mai jibgegiyar mota kaɗai ake kira gaba, sun gane karatun.

Wannan ya kawo mu ga waccan takarda. Ba mu raina masu dukiya ba, Allah Ya ƙara musu. Sayyidina Usman da kuɗinsa ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi, kuma har yau ana ambatonsa da ita. Amma ku ji abin da Sayyidina Umar ya yi, Bukhari ne ya kawo shi. Ya raba wa matan Madina mayafai, guda ɗaya mai kyau ya rage. Wani ya ba shi shawara ya ba matarsa Ummu Kulsum 'yar Sayyidina Ali, jikar Annabi. Umar ya ƙi, ya ce Ummu Saliɗ ta fi cancanta, domin ita ce ta riƙa ɗauko musu salkunan ruwa ranar Uhudu. An yi Uhudu a shekara ta 3 bayan hijira, Umar ya hau halifanci a ta 13. Shekara goma ko fiye, bai manta da mai ɗaukar ruwa ba. Mai siminti kuwa, ai ranar da ya bayar aka sanar bayan salla, aka yi masa addu'a, jama'a ta ce amin. Ya samu nasa.

Tun da aka yanka wa Hausawa wannan unguwa a 1916, irin wannan aiki na ɓoye ne ya riƙe ta. Fatake sun zo da shanu sun koma da goro, fatoma ya sauke su, ya ciyar da su, ya tsaya musu in rigima ta taso. Yau ma baƙo in ya sauka a tasha bai san kowa ba, wani ne ke ba shi tabarma. In ya faɗi ya mutu ba dangi, akwai mutanen da ke barin kasuwarsu su yi ta zirga-zirga tsakanin asibiti da ofishin 'yan sanda har a sako gawar, su yi wanka, su sayi likkafani, su haƙa kabari cikin ruwan sama. Akwai iyayenmu mata masu wankan gawar mata, da tsakar dare ake buga musu ƙofa. Akwai wanda ke raka mai naƙuda asibiti don ya yi mata tafinta da Yarabanci, da wanda ke zuwa belin yaranmu 'yan acaba, da malamar Islamiyya da ke bin mu albashin watanni ba ta daina zuwa ba.

Wani ya tambaye mu, ko za a sa wanda ba namu ba? Lokacin rikicin kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, wasu 'yan'uwanmu a gidajen maƙwabtansu Yarabawa suka tsira. Muɗ'im bin Adi ya ba Annabi mafaka bayan dawowarsa daga Ɗa'ifa, ya mutu bai musulunta ba, amma bayan yaƙin Badar Annabi ya tuna da shi, ya nuna da yana raye ya roƙi a saki fursunonin da an sake su dominsa. To in haka ne, mu ba mu ga dalilin cire maƙwabci daga lissafi ba.

Yadda za a yi yabon ma yana da iyaka. Wani ya taɓa kambama abokinsa a gaban Annabi, Annabi ya tsawata masa, ya kwatanta abin da yanke wuyan abokin, ya koyar da cewa mutum ya faɗi zaton da yake yi kawai, ya bar wa Allah hisabi. Saboda haka ranar walima ba maroƙa, ba kirari, ba liƙi. A faɗi aikin da mutum ya yi, a ce Jazakallahu khairan. Kada wani ya tashi yana raba wa mutane Aljanna. Kuma muna roƙon kwamiti kada kuɗin rumfa da kujeru ya fi abin da za a ba mutanen. Allon katako mai ruwan zinare ba ya shiga tukunya. Mai haƙa kabari buhun shinkafa zai fi masa, ko a biya wa ɗansa kuɗin makaranta, malama kuma a fara biyanta bashinta tukuna. Ɗan siyasa in ya zo ya zauna a sahu kamar kowa, ba za a miƙa masa lasifika ba. Wanda ya ce shi ba ya so a kira sunansa, musamman cikin mata, a mutunta zaɓinsa, mutum biyu su je gida su gaishe shi su ajiye abin da aka tanada.

Duk mai sunan da zai bayar ya kai wa na'ibi kafin Juma'a biyu masu zuwa. A rubuta sunan, da aikin da mutumin yake yi, da tun yaushe aka san shi da shi. Kada mutum ya rubuta kansa ko ubangidansa. Wanda kuma ya san garin dattijon nan mai ruwan alwala, ko ya san wani nasa, don Allah ya same mu bayan salla, akwai saƙon da jama'a ke son aikawa. Allah Ya jiƙansa, Ya shayar da shi daga Alkausara.