Amsar Tambaya: Zuwa Kamun Kifin Salmon a Dajin Alaska

TAMBAYA: Malam, ina karatu a Amurka. Abokaina sun gayyace ni wani masauki a dajin Alaska kamun kifin salmon. Yaya zan shirya?

AMSA: Ɗana, fara da zaɓen lokaci. A yankin Bristol Bay, jan salmon yana barin teku ya hau koguna da yawa daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Nau'in koho sai Agusta da Satumba.

Yawancin masaukan nan mota ba ta isa gare su. Daga Anchorage za ka bi jirgi zuwa King Salmon ko Dillingham, sannan ƙaramin jirgi mai sauka kan ruwa. Ana ƙayyade nauyin kaya, don haka ka taƙaita: rigar ruwa, kayan sanyi, maganin sauro da magungunanka. Hazo kan hana jirgi tashi, sai ka bar rarar kwana.

Ka sayi lasisi daga hukumar kifi da namun daji ta Alaska. Babban nau'in, wato king, yana da ƙarin hatimi na daban. Tun 2012 aka hana shiga kogunan jihar da takalmi mai tafin tsumman ulu.

Akwai beyar a dajin, ita ma kifin take nema. Kada ka rabu da jagora, kada ka ajiye abinci a waje.

A Yuni, yini yakan kai awa 19 a Anchorage, saboda haka ka tuntuɓi malami kan lokutan salla. Kafin ka biya kuɗin masaukin, ka nemi a rubuta maka duk abin da kuɗin ya ƙunsa.