Yadda Ake Ƙera Ƙaramin Injin Haƙa Mai Aiki da Tururi

Injin haƙa ƙasa mai aiki da tururi ya daɗe da barin fagen aiki, domin tun shekarun 1930 injinan dizal da na lantarki suka fara ture shi gefe, amma har yau akwai maƙera a Ingila da Amurka da Jamus da suke shafe shekaru a ɗakunan ƙira na bayan gida suna sake fito da shi a ƙanƙance, yadda zai ci wuta, ya tafasa ruwa, ya kwashi ƙasa da bokitinsa kamar yadda babban yake yi. Wani Ba'amurke, William Otis, shi ne ya sami takardar mallakar wannan fasaha a 1839, shekarar da ya rasu yana da shekara 26. Injin da za a ɗauka misali a nan shi ne na kamfanin Bucyrus mai nauyin tan 95, irin wanda aka ɗauki hoton Shugaban Amurka Theodore Roosevelt a kansa a 1906, lokacin da ake haƙa mashigin Panama, aikin da injina 77 na wannan kamfani suka yi tare da na kamfanin Marion.

Abu na farko da maƙeri yake yanke shawara a kansa shi ne ma'auni, kuma wanda aka saba da shi a ƙasashen da suke awo da inci shi ne ɗaya bisa 12, wato inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya. Lissafin bai tsaya ga tsawo ba, domin idan tsawo ya ragu sau 12, faɗin kowace fuska yakan ragu sau 144, ciki da nauyi kuwa sau 1,728, saboda haka injin tan 95 yakan dawo kimanin kilo 50, bokitinsa da yake ɗaukar kusan mita kubik huɗu kuma ya koma na lita biyu da ɗan ɗori. Ana haɗa zanen ne daga tsofaffin littattafan talla na kamfani, da takardun mallakar fasaha, da hotuna, da awon ragowar injinan da aka adana. Tun a kan takarda ake cin karo da matsalar da za ta bi aikin har ƙarshe: ƙarfe yana yarda a ƙanƙantar da shi, ruwa da wuta ba sa yarda. Ƙaramar tukunyar tururi tana da fatar da ta ninka ta babba sau 12 idan aka auna ta da ruwan da ke cikinta, don haka zafi yana tsere mata da sauri, ɗigon ruwa kuma girmansa ɗaya ne ko a babban bututu ko a siririn. Maƙerin da ya kwafi zane sak, bai ƙara wa tukunya da hanyoyin tururi girma a ɓoye cikin ɗakin injin ba, yakan ƙare da abin ado.

Gadon injin, da ƙafafun da suke bin dogo, da babban hannu, da ƙotar bokiti, duk aikin yanka ne da huji da dasa ƙananan ƙusoshi masu tarin yawa, yana cin lokaci amma ba ya cin mutum. Galibin masu yinsa dattawa ne da suka yi ritaya daga masana'antu ko hukumar jirgin ƙasa, tare da likitoci da malamai da suka koyi feƙe ƙarfe da daddare, kuma sana'ar tana da tsohon gida, domin a 1898 Percival Marshall ya kafa mujallar Model Engineer a Landan. Injin feƙe ƙarfe na Myford ML7, wanda ya fito a 1946, har yanzu ana gadon sa daga uba zuwa ɗa. Ba kuɗi suke nema ba, ko da an sayar da abin da suka ƙera ba zai biya sa'o'in da aka zuba masa ba.

Injin haƙa irin wannan yana ɗauke da injinan tururi uku. Mafi girma yana naɗe sarƙa a kan ganga ya ɗaga bokiti, na biyu yana juya hannu dama da hagu, na uku kuwa yana zaune a kan hannun kansa, yana tura ƙota gaba da baya ta hanyar giya mai bin haƙoran da aka jera a jikinta, shi ne kuma yake dasa haƙoran bokiti cikin gaɓar ƙasa. Kowane ɗaya sai an yi masa silinda biyu, a karkatar da hannuwan karanshaf ɗinsu da rubu'in zagaye, domin injin mai silinda ɗaya yana iya tsayawa daidai inda fistan ya kai maƙura ya ƙi tashi sai an tura shi da hannu, alhali mai haƙa yana tsayawa yana juya baya sau da yawa a kowane minti. Wasu suna sayen zubin ƙarfe irin na Stuart Turner, kamfanin da aka kafa a 1906, mai silinda ta milimita 19, su feƙe shi da kansu.

Tukunya ce ma'aunin gwanintar maƙeri. Da jan ƙarfe ake yin ta, saboda ba ya tsatsa kuma yana isar da zafi da sauri. Murafan gefe ana lanƙwasa bakinsu ne a kan ƙirar katako mai tauri, kuma tun da jan ƙarfe yana ƙara tauri duk lokacin da aka buge shi, sai an riƙa gasa shi har ya yi ja a tsoma a ruwa ya yi laushi, a sake bugu, a sake gashi, in ba haka ba bakin ya tsage. Mazaunan famfo da bawul ana yin su da tagullar da aka haɗa da kuza, ba wadda aka haɗa da tutiya ba, domin ruwan zafi yana zuƙe tutiya a hankali ya bar ƙarfen yana marmashewa. Liƙin dalma da kuza ba ya shiga wannan aiki: yana narkewa a digiri 183, alhali ruwan tukunyar da ke aiki a matsin fam 60 kan kowane murabba'in inci, kusan ninki biyu na iskar tayar ƙaramar mota, ya riga ya kai digiri 153, kuma da ruwa zai ja baya kaɗan sai haɗin ya saki. Liƙin azurfa ake amfani da shi, irin aikin da maƙeran fari suka sani, kuma wanda aka fi sa wa hannu yana da azurfa kashi 55 cikin ɗari, yana narkewa tsakanin digiri 630 da 660, ƙasa ƙwarai da digiri 1,085 da jan ƙarfe yake narkewa. Tsohon liƙi mai ɗauke da kadmiyom ya fi saurin gudu, amma hayaƙinsa guba ne, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shi a 2011.

Liƙin ba cike rami yake yi ba, tsotse shi ake yi cikin tsaga, saboda haka dole a bar tazarar da ba ta wuce kashi ɗaya bisa goma na milimita ba tsakanin sassan biyu. Idan an matse su gam ba zai shiga ba, idan an sakar musu sai ya zube ta ƙasa. Ana goge wurin har ya yi ƙyalli, a shafa sinadarin da yake hana ƙarfe yin baƙi a wuta, a kewaye tukunyar da tubalin da ke jure zafi, sannan a rage hasken ɗaki domin ido ya ga launin ƙarfe. Jan ƙarfe yana kwashe zafi daga inda aka sa shi ya watsa a duk jikinsa, don haka sau da yawa mutum biyu ne suke aikin, ɗaya yana gasa tukunyar gaba ɗaya da babbar wutar gas, ɗaya yana bin haɗin da ƙarama. Sinadarin yakan fara kumfa, ya bushe ya yi fari, sa'an nan ya narke ya koma garai kamar ruwa daidai lokacin da ƙarfen ya yi ja mai duhu, kuma a wannan ɗan taƙin ne ake taɓa sandar liƙi a bakin tsagar. Zafin ƙarfen ne ya kamata ya narkar da ita, domin idan harshen wuta ne ya narkar da ita sai ta dunƙule ta zauna a sama, waje ya yi kyau ciki kuwa babu komai. Liƙi yana bin zafi, gwani kuma da wutar yake jan sa ya zagaya da shi, shaidar kammaluwa ita ce siririn zobe mai sheƙi da zai ɓullo ta ɗaya gefen. Wanda ya yi jinkiri sai sinadari ya ƙare ya yi baƙi, daga nan ƙara wuta ba ya haifar da komai sai ƙona siraran bututan hayaƙi, waɗanda suke yin ja tun kafin farantin da ke riƙe da su ya ɗumama. Mafita ɗaya ce, a kashe wuta, a bar tukunya ta huce, a jiƙa ta a ruwan asid ɗin lemun tsami ta wanke, a koma farko. Da yake tukunya guda tana shiga wuta sau da dama, ana fara haɗin ciki da liƙi mai buƙatar zafi sosai, a bar mai saurin narkewa ga haɗin ƙarshe, don kada na baya ya warware na farko.

Ba a gwada sabuwar tukunya da wuta, ba kuma a gwada ta da iska. Ana cika ta da ruwan sanyi har babu sauran iska, a matsa da famfon hannu zuwa ninki biyu na matsin aiki, wato fam 120, a zuba wa allurar geji ido. Dalili shi ne ruwa ba ya matsuwa, idan haɗi ya gaza zufa kawai zai yi, alhali idan tafasasshen ruwa ya sami mafita, wani ɓangarensa yakan zama tururi mai girman da ya ninka nasa fiye da sau 1,600 nan take. Bayan haka ne ake kunna wuta a tabbatar bawul ɗin tsaro yana hana matsi haura iyakarsa da fiye da kashi goma cikin ɗari.

Sauran wahalar tana kan injin da ke bisa hannu, wanda tururi ba ya isa gare shi sai ya ratsa haɗi mai juyawa da dogon bututu siriri, ya iso rabinsa ruwa. Ana naɗe bututun da zare, a sa ƙananan famfunan zubar da ruwa a ƙarƙashin silinda, a kuma ɗaura ɗan kurtun mai irin wanda John Ramsbottom ya ƙirƙira, inda tururi yake shiga ya zama ruwa ya nutse, ya tura mai sama ya bi bututu. Yawancin maƙera gas suke ƙonawa saboda sauƙin sarrafawa, masu ra'ayin riƙau kuwa kwal, kuma a ganinsu injin da ba ya warin kwal da man silinda bai cika ba.

A babban injin mutum uku ne suke aiki, direba mai ɗagawa da juyawa, da wani a gindin hannu mai tura ƙota da jan igiyar buɗe ƙasan bokiti, da mai zuba kwal. A ƙarami duk wannan yana kan yatsun mutum ɗaya, ga gilashin duba ruwa da ba a ɗauke masa ido. Ƙasar haƙa ma sai an tankaɗe ta an ɗan yayyafa mata ruwa, domin tsakuwar da ba ta wuce kan yatsa ba dutse ne babba a wurin wannan bokiti. A ƙungiyoyin maƙeran Ingila ba a barin injin ya ci wuta a gaban jama'a sai da takardar shaidar mai duba tukunya, ana sabunta gwajin tururi kowace shekara, gwajin ruwa na tukunyar jan ƙarfe kuma bayan kowace shekara huɗu.